Mu San Ƙasarmu: Wuraren Tarihi A Tasawa Da Kewayenta



Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Maraɗi za shi Damagaram ya san Tasawa. Garin yana bisa babbar hanya, kusan tsakiyar tafiya. Direba yakan tsaya a sha ruwa, a yi salla, a sayi kilishi don tsaraba, sa'an nan a wuce. In ka tambayi matafiyi abin da ya gani a Tasawa, sai ya ce maka kilishi. In kuwa ɗan gari ka tambaya abin da zai nuna wa baƙonsa, sau da yawa sai ya ce ai nan ba mu da kome sai kasuwa.

Ba haka ba ne. A ƙasar Tasawa akwai wuraren da manyan al'amura suka faru, har aka rubuta labarinsu da Jamusanci da Ingilishi da Faransanci, mutanen nesa suna karantawa. Mu da muke noma da kiwo a kansu, mu ne ba mu kula ba. Dalili kuwa shi ne, labarin wuraren nan yana cikin kan tsofaffi da cikin littattafan baƙi, bai shigo hannun talaka a rubuce da harshensa ba. To, ga kaɗan daga cikinsu, da abin da ya auku a kowane ɗaya.

Ƙofar Fada

Baƙo in ya sauka gari, ƙofar sarki yake fara zuwa gaisuwa. Mu ma daga nan za mu fara.

Tasawa tsohon gari ne na ƙasar Katsina. A zamanin da, kafin jihadi, ƙasar Sarkin Katsina ta miƙe arewa har ta haɗa da Maraɗi da Gazawa da Tasawa. Mai riƙe da Tasawa Tazar ake ce masa, mutanensa kuwa Tazarawa. A lokacin nan, in mutum ya tashi daga Tasawa ya tafi Birnin Katsina, bai bar ƙasarsu ba, kuma ba wanda zai tambaye shi takarda a hanya.

A shekarar 1804 aka fara jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Wajen 1807 Birnin Katsina ya faɗa hannun mutanen Shehu, daga baya Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki. Sarakunan Haɓe suka fito suka yi arewa. A Ɗankama aka sake cin su da yaƙi, Sarki Magajin Haladu ya faɗa rijiya ya mutu. Nan mutanensa suka naɗa Ɗan Kasawa. Shi ne ya ja su zuwa Damagaram, daga can suka dawo Gafai suka yi shekaru, har wajen 1819 suka sami Maraɗi, suka mai da ita babban birninsu. Tasawa ta bi Maraɗi.

Tun daga nan Tasawa ta zama garin tsakiya. A yamma ga Maraɗi, wadda ake kai wa gaisuwa. A kudu ga Katsina ta Fulani, wadda ake gaba da ita. A gabas ga Damagaram, wadda ƙarfinta yake ta ƙaruwa, balle zamanin Sarki Tanimun mai bindigogi da igwa. A arewa kuwa ga Abzinawa masu raƙuma, waɗanda fatauci ba ya yiwuwa sai da su. Garin da ya sami kansa tsakanin manya huɗu, dole ya iya zama da kowa, in ba haka ba a tattake shi.

A ƙarshen ƙarni na 19 rikicin sarauta ya yi yawa a Maraɗi. Kaura Hasau, shugaban mayaƙa, ya yi ƙarfi har ya zama shi ke naɗa sarki, shi ke tuɓe shi. Ɗaya daga cikin sarakunan da suka rasa gadon Maraɗi, watau Mijinyawa, ya taso da mutanensa ya zauna Tasawa, ya kafa tasa sarauta. Ta haka ne tsohon gidan sarautar Katsina ya yi reshe a Tasawa. Saboda haka in ka tsaya a ƙofar fada ran salla, ka ji makaɗa da maroƙa suna jero sunayen sarakuna, to, kasa kunne da kyau. Abin da kake ji, tarihi ne wanda saiwarsa take can Birnin Katsina.

Kasuwa Da Marina

Daga fada sai kasuwa. A nan za mu ɗan koma baya, zuwa watan Janairu na 1851. A cikin watan nan wani Bajamushe mai suna Barth ya sauka Tasawa. Sunan da ya ba kansa a ƙasashen Musulmi shi ne Abdulkarim. Gwamnatin Ingila ce ta aiko su, su uku, don su ga ƙasa su rubuta. Sun taso daga Tarabulus a 1850, suka ratsa hamada, suka bi ta Abzin. A Damargu babbansu Richardson ya rabu da su ya yi Damagaram. Na biyu, Overweg, ya nufi Gobir da Maraɗi. Shi kuwa Barth ya bi ayarin gishiri na Abzinawa, za shi Katsina da Kano.

Mutumin nan ya koyi Hausa tun a hanya, kuma duk abin da ya gani sai ya rubuta. Tasawa ce babban garin Hausa na farko da ya shiga, kuma garin ya ƙayatar da shi ƙwarai. Ya ba da labarin gidaje da darni da inuwar itatuwa a tsakar gida, da yara suna wasa, da mutane kowa yana harkarsa cikin walwala. Ya shiga kasuwa ya ga kayan abinci iri iri, har da soyayyar fara, irin wadda muke saye yau. Ya je marina, ya ƙidaya rijiyoyin baba 14 a bisa wani dandamali na ƙasa. Ya ce tufa takan yi daga kwana ɗaya har kwana bakwai a ciki, gwargwadon irin shuɗin da ake so.

Akwai kuma wani abu da ya gani wanda zai yi wa masu koyon lissafi daɗi. A lokacin nan wuri ne kuɗi. Ba a haƙa shi a ƙasarmu, daga bakin teku fatake suke kawo shi. Kuma ba a karɓarsa sai an ƙidaya, biyar biyar, a bisa tabarma. Barth ya tarar da wani attajiri yana cinikin da sai an ƙidaya wuri 500.000, watau zambar ɗari biyar. Waɗansu mutane suka taya attajirin, da ƙyar suka gama. Buhun wuri, wanda ake ce wa keso, yana cin wuri 20.000. Ashe ke nan keso 25 suka ƙidaya. A Kano a zamanin nan wuri 2.500 ne dala ɗaya ta azurfa. In ka raba 500.000 da 2.500, sai ka sami dala 200. Sunan waccan dala ta azurfa ne muka gada muke kiran kuɗinmu da shi. Yau dala 200 jika ɗaya ce, takarda guda ka sa aljihu, ko da yake darajarsu ba ɗaya ba ce ko kusa.

Me ya kawo irin wannan ciniki Tasawa? Hanya ce. Gishirin Bilma yana zuwa Abzin, daga Abzin ayari ya gangaro Damargu, daga Damargu ya sauka Tasawa, sa'an nan ya wuce Katsina da Kano. In za su koma, sai su ɗauki hatsi da tufafi da kayan fata. Manomin Tasawa da marininta da mai sai da fura, kowa yana samun rabonsa.

Amma zaman ba na kwanciyar hankali ba ne. Da Barth ya bar Tasawa ya isa Gazawa, ya tarar da garin kewaye da kafi mai ƙarfi da gwalalo mai zurfi. Daga Gazawa zuwa Katsina kuwa daji ne wanda yaƙi ya kore mutanensa, ba mai ratsa shi sai cikin ayari. A cikin dajin nan ya wuce ta kufan Ɗankama, inda Magajin Haladu ya mutu shekara arba'in da ƴan kai kafin nan.

Koran Kalgo, Ɗankori Da Maijirgi

Yanzu mun zo wuraren da labarinsu ya fi nauyi. Sunayen ƙauyukan nan uku suna cikin littattafan tarihin Faransa, saboda abin da ya faru a cikinsu da damina ta 1899.

A ƙarshen ƙarni na 19 Turawa suna ta rige-rigen cin ƙasashen Afirka. Faransa ta shirya runduna uku, ta ce su haɗu a Tafkin Cadi: ɗaya daga Aljeriya, ɗaya daga Kwango, ɗaya daga yamma ta bakin kogin Kwara. Ta yamma ita ce aka ba wa kyaftin biyu, Voulet da Chanoine. Turawan da ke cikinta ba su da yawa. Sauran duka baƙaƙe ne da aka ɗebo daga ƙasashen yamma: ɗaruruwan sojoji, da ɗaruruwan ƴan dako da aka kama da ƙarfi, da mata, da dabbobi. Irin wannan taro yana bukatar hatsi da ruwa mai yawa kullum, kuma ba su zo da niyyar saye ba.

Tun daga bakin Kwara, a watan Janairu na 1899, suka fara ƙone garuruwa. Garin da ya ƙi ba da hatsi, ko ya ɓoye rijiya, ko mutanensa suka gudu, sai a sa masa wuta. A watan Afrilu suka yi karo da Sarauniya a Lugu, cikin ƙasar Arewa. A watan Mayu suka fasa Birnin Ƙonni, suka kashe mutane masu ɗimbin yawa. Daga nan suka yo gabas, har suka shigo ƙasarmu da farkon damina, lokacin da mutane suke gonaki.

Ana cikin haka labari ya isa Faris. Wani hafsa mai suna Péteau, wanda aka kora daga rundunar, ya rubuta wasiƙa gida yana faɗin abin da ya gani, wasiƙar ta kai hannun manya. Gwamnati ta umarci Kanar Klobb, wanda ya riƙe Tumbuktu, ya bi su ya karɓe rundunar. Klobb ya taso da sojoji kaɗan da hafsa ɗaya, Meynier. Bai sha wahalar neman hanya ba, gama toka da gawawwaki su ne suka nuna masa inda aka bi. A cikin littafinsa na tafiya ya rubuta abin da ya tarar a Koran Kalgo: gari a ƙone, cike da gawa, har da ƴan mata ƙanana a rataye a reshen itace.

Ran 14 ga Yuli 1899, ranar babban bikin ƙasar Faransa, Klobb ya cim ma Voulet a Ɗankori, nan ƙasar Tasawa. Voulet ya riga ya aika masa cewa in ya matso zai harbe shi. Klobb ya hana mutanensa harbi, ya ci gaba bisa dokinsa. Voulet ya ba da umarni aka buɗe wuta. Klobb ya faɗi matacce, Meynier ya sami rauni.

Da Voulet ya koma sansani, sai ya tara sauran Turawa ya gaya musu shi yanzu ya bar Faransa, ya zama sarkin baƙaƙe, zai kafa daular kansa da sojojin nan. Amma sojojin suna da iyali a ƙasashensu, suna son komawa gida. Ran 16 ga Yuli suka yi tawaye a Maijirgi, suka harbe Chanoine. Voulet ya tsere ya kwana a waje. Da gari ya waye, ran 17, ya dawo zai shiga sansani, mai gadi ya harbe shi. Kwana uku ke nan tsakaninsa da Klobb. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Kada mai karatu ya ɗauka mutuwarsu ta kawo ƙarshen al'amarin. Sauran Turawan suka tattara rundunar suka ci gaba. A ƙarshen watan nan na Yuli suka yi yaƙi da Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga a Tirmini, suka shiga Zinder. Daga nan Joalland da Meynier suka wuce Cadi, runduna uku suka haɗu kamar yadda aka shirya, suka kashe Rabe a Kusuri ran 22 ga Afrilu 1900. Faransa ta ce abin da Voulet ya yi hauka ne na mutum ɗaya, amma ƙasar da ya bi da wuta ba ta mayar wa kowa ba.

A Maijirgi, gabas da Tasawa bisa hanyar Damagaram, aka rufe kyaftin ɗin nan biyu, kuma kaburburansu su ne abin da baƙi suke tsayawa kallo. Suna da wani labari na ban mamaki. A 1923 wani saurayin kumandan da ke aiki a Tasawa, Robert Delavignette, ya sa aka tone su, sai aka tarar ba kome a ciki. Daga nan jita-jita ta yi yawa, har waɗansu suna cewa Voulet bai mutu ba, ya shiga cikin Abzinawa ya ɓace.

To, ƴan'uwa, ga abin lura. Waɗanda suka yi kisan, an san sunansu, an san ranar mutuwarsu, an san inda aka gina musu kabari, har ana gardama a kan ƙasusuwansu. Waɗanda aka kashe fa? Matan Koran Kalgo da ƴaƴansu, da manoman da aka tarar a gona, da ƴan dakon da suka faɗi a hanya aka bar su, littattafan Turawa ba su kawo sunayensu ba. Alhali kuwa kowane ɗayansu yana da suna, yana da dangi, kuma jikokin danginsu suna nan a ƙauyukanmu.

An yi ƙoƙari a baya. Abdullahi Mamani ya rubuta littafin Sarauniya a 1980, Med Hondo ya mai da shi silima a 1986. A 2020 aka fito da wani fim mai suna African Apocalypse, wanda ya bi sawun rundunar, ya ji ta bakin mutanen garuruwan da ta ratsa, har da Maijirgi. A 2021 wakilan waɗansu daga cikin garuruwan nan suka kai kukansu gaban Majalisar Ɗinkin Duniya, suna neman Faransa ta amsa laifi, ta kuma buɗe takardunta na zamanin. Mai kai ƙara kuwa, kowa ya sani, shaida ake tambayarsa.

Bariki

Bayan yaƙi sai mulki. Faransawa suka kafa bariki a Tasawa, suka mai da ita mazaunin babban kumandan na wannan yanki, har Maraɗi tana ƙarƙashinta. Daga barikin nan ne ake aza haraji, ake ɗibar mutane aikin tilas, ake ɗaukar samari soja.

A zamanin ne kuma aka yanka iyaka. Faransa da Ingila sun yi yarjejeniya a 1898, amma Faransawa suka ga hanyar da aka bar musu daga Kwara zuwa Zinder ba ta da ruwa. Suka nemi gyara, aka sake zama a 1904 da 1906, aka turo iyakar kudu don su sami hanya mai rijiyoyi. Tsakanin 1906 da 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi daji suna kafa alamun iyaka. Tun daga ranar ƙasar Katsina ta rabu biyu: Birnin Katsina a hannun Ingila, Maraɗi da Tasawa a hannun Faransa. Wa da ƙane suka wayi gari kowa da ƙasarsa. A cikin tawagar Tilho akwai wani tafinta, Landeroin, mai jin Hausa. Shi ne ya zauna da dattawan garuruwanmu, ya rubuta abin da suka gaya masa na asali da jerin sarakuna, aka buga a Faris a 1911. Har yau masu binciken tarihin ƙasar nan suna komawa ga rubutunsa. Maganar ta kakanninmu ce, alƙalamin ne na baƙo.

A ƙarshen 1924 waɗansu motoci 8 na kamfanin Citroën, masu sarƙa a baya maimakon taya, suka iso Tasawa. Sun taso daga Aljeriya, sun ratsa hamada, za su har Madagaskar. Suka sauka wurin Sarki Barmu, suka ɗauki hotonsa da na gidansa a silima, aka nuna wa mutanen Faris a 1926. Ashe fuskokin mutanen Tasawa na shekara ɗari da suka wuce suna nan ajiye, amma a wata ƙasa.

A 1927 waɗansu mutane suka kai wa barikin Tasawa hari, aka yi asarar rayuka. Faransawa suka ɗora abin a kan masu jiran Mahadi. A cikin shekarar nan aka ɗauke mazaunin babban kumandan aka mai da shi Maraɗi. Daga nan Maraɗi ta yi ta girma da cinikin gyaɗa, Tasawa kuwa ta koma bayanta. Aikin tilas bai ƙare ba sai 1946, mulkin Faransa kuma sai ran 3 ga Agusta 1960.

Gulbin Kaba

Ba duk wurin tarihi ne yake da labarin sarki ko na yaƙi ba. Wanda ya nufi Mayahi zai ga wani kwari mai faɗi, cike da goriba da kaba. Shi ne Gulbin Kaba. Kansa yana can kudu cikin Najeriya. Ya shigo Nijar ya yi baka ta arewa, ya ratsa ƙasar Mayahi, sa'an nan ya karkata yamma ya sake komawa Najeriya. Sunansa gulbi, amma a yawancin tsawonsa ruwa ya daina gudu. Ruwan yana ƙarƙashin ƙasa, kusa, shi ya sa goriba ta sami wurin zama.

Tsohuwar da ke saƙa tabarma ta san amfanin itacen nan fiye da kowa. Da kaba ake tabarma da igiya da faifai da malafa. Ƴaƴan goriba abinci ne, kuma da yunwa sun ceci rayuka. Kututturenta kuwa azara ce mai daɗewa.

Kwarin nan yana ba da labarin yadda aka zauna ƙasar arewa. A zamanin yaƙe-yaƙe mutane sukan taru cikin garuruwa masu kafi, daji kuwa a bar wa maharba da makiyaya. Da hare-hare suka ƙare, sai manoma suka bazu neman sabuwar ƙasa. Mutum ya ɗauki iyalinsa, ya sami wuri, ya gina rijiya, ya yi sassabe, waɗansu su biyo shi, gari ya kafu. Shi ya sa ƙauyuka da yawa suke amsa sunan Gidan Wane ko Ɗan Wane. Sunan garin shi ne shafin farko na tarihinsa, tsohuwar rijiyar gari kuma ita ce shaidarsa.

Da mutane suka yi yawa, gonaki suka cinye daji. Farin 1973 da 1974, da na 1984, suka ƙarasa itatuwa masu yawa. Kaba ma, in ana yankanta kullum tun tana ƙarama, ba ta samun zama goriba. Amma tun daga shekarun 1980 manoman jihar Maraɗi suka kama sassaben zamani, watau in kututture ya yi toho a gona, a zaɓi rassa masu ƙarfi a bar su su girma, a daina ƙone su. Da wannan dabara gawo da kalgo da sabara suka dawo gonaki da yawa, har mutanen waɗansu ƙasashe suna zuwa koyo. Wannan ma abin nuna wa baƙo ne, kuma aikin hannun talaka ne.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Mai karatu ya lura, kusan duk abin da muka kawo a sama, baƙo ne ya fara rubuta shi: Barth, Klobb, Landeroin, Delavignette. Ba mu raina aikinsu ba, gama ba don rubutunsu ba da abu da yawa ya ɓace. Amma baƙo abin da ya gani a kwana uku yake rubutawa, da abin da tafinta ya ga dama ya gaya masa. Sauran yana wurin tsofaffinmu. Waɗanda suka ga 1899 da idonsu duk sun riga mu gidan gaskiya. Waɗanda suka ji daga bakinsu ma saura kaɗan. Duk tsohon da aka kai makwanci ba a rubuta abin da ya sani ba, an rufe shi da abin da ba mai sake tonowa.

A da muna da hanzari, ba mu iya rubutu ba. Yanzu kuwa akwai ajin yaƙi da jahilci a ƙauyuka, maza da mata suna rubuta Hausa da hannunsu. Karatun nan bai kamata ya tsaya ga wasiƙa da lissafin kasuwa ba. Ga shawarar da muke ba kowane aji. A sami littafi ɗaya na rubutu, a sa masa sunan gari. A zaɓi mutum biyu ko uku masu kyan hannu, su je wurin dattawa, maza da mata, da ladabi da ɗan goro, su yi waɗannan tambayoyi:

1. Wa ya kafa garin nan, daga ina ya taso, me ya taso da shi?
2. Wa ya gina rijiya ta farko, kuma ina take?
3. Ina kufai, ina tsohuwar maƙabarta, ina aka yi kafi ko marina ko maƙera?
4. Da Turawa suka zo, me ya faru a nan? Wa aka kashe, wa aka kama, ina aka gudu?
5. Wa ya gaya wa mai ba da labarin, kuma shi a wurin wa ya ji?

A rubuta magana yadda aka faɗe ta, kada a yi mata ado. In dattawa biyu suka saɓa, a rubuta duka biyu, kowa da sunansa. Tsoho ba ya riƙe shekara da lamba, amma yana riƙe ta da abin da ya faru. In ya ce shekarar Kakalaba, to, yunwar 1913 zuwa 1914 ke nan. In ya ce shekarar da aka bar aikin tilas, 1946 ce. In ya ce El Buhari, 1984 ce. Da haka malamin aji zai taimaka a sa lamba.

In an gama, a karanta wa jama'a a dandali don a gyara kuskure. A ajiye littafi ɗaya wurin mai gari, ɗaya a lakwal don yara, a kuma aiko wa wannan jarida da abin da aka samu, sauran garuruwa su karanta. Inda aka san an rufe mutanen da aka kashe, a roƙi mai gona ya bar wurin, a kewaye shi, a dasa itace, a rubuta sunayen da aka samu a allo. Wannan ba ya bukatar kuɗin gwamnati, ba ya bukatar jiran baƙo.

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Allah ya ji ƙan magabatanmu, waɗanda muka san sunansu da waɗanda za mu nemo. Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka, amin.